Yadda Mai Bincike da Kamfani Za Su Kai Maganin Gona Mai Rai Hannun Manomi

A ɗakunan karatu na jami'o'inmu ba a rasa kundin digiri da ya nuna cewa wani nau'in fumfuna yana kashe tsutsar masara, ko wani ruwan ganye yana hana cuta kama tumatir. Amma idan manomi ya shiga shagon maganin gona a Kano ko Maraɗi, abin da za a miƙo masa kwalbar guba ce da aka shigo da ita daga Sin ko Indiya, domin abin da ke cikin kundin bai taɓa shiga buhu ko kwalba ba. Mai bincike ba shi da masana'anta, ba shi da motar rarraba kaya, ba shi da dillalai. Kamfani kuma ba shi da haƙurin shafe shekara goma yana tattara samfuri yana gwaji. Dole ne su haɗu, kuma irin wannan haɗuwa takan watse ne a kan abu guda da ake mantawa da shi tun ranar farko, wato kayan da za a sayar mai rai ne, ko kuwa da ran shuka yake aiki. Saboda haka yana mutuwa a sito, yana da lokacin da ake sa shi, kuma ba ya nuna aikinsa nan take yadda guba take nunawa.

Kariya iri biyu ake magana a kai. Ta farko ita ce a sa wata halitta ta yaƙi wata, kamar fumfunar da ke cin fara, ko ƙaramin zanzaron da ke yin ƙwai a jikin tsutsa. Ta biyu ita ce a zaburar da garkuwar ita shukar kafin cuta ta iso, wanda ya yi kama da rigakafi. A 1961 wani masani a Jami'ar Cornell da ke Amurka, Frank Ross, ya nuna cewa idan aka sa wa wasu ganyayen taba ƙwayar cuta, bayan kamar mako guda sauran ganyayen da ba a taɓa ba sukan yi wuyar kamuwa. A 1979 kuma aka gano a cibiyar Rothamsted ta Ingila cewa asfirin, wannan dai da ake sha don ciwon kai, yana tayar da irin wannan garkuwa a jikin taba. Daga nan kamfanoni suka shigo. Kamfanin Ciba-Geigy ya fitar da irin wannan magani mai suna Bion a 1996, ko da yake manoman shinkafa a Japan sun riga kowa, domin tun tsakiyar shekarun 1970 suke amfani da wani magani mai suna Oryzemate don kare shinkafa daga cutar ƙuna, kafin ma a fahimci cewa garkuwar shukar yake tayarwa.

Abu na farko da za a zauna a kai, tun kafin a sayi ko da kwalbar gwaji ɗaya, shi ne wanda zai biya kuɗin kayan. Wannan tambaya tana da sauƙi a baki, amma ita ce ta fi kayar da mutane. A duba Aflasafe, wani magani da aka yi da fumfuna marar guba mai hana mai guba samun wuri a gona, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da sashen binciken noma na gwamnatin Amurka, bisa aikin da Peter Cotty ya fara a gonakin auduga na Arizona, Ranajit Bandyopadhyay kuma ya jagorance shi a Afirka. Aikinsa shi ne rage afalatoksin, gubar da wata fumfuna take zubawa a masara da gyaɗa, wadda ke lalata hanta, wadda kuma ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Maganin yana aiki, domin yakan rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Sai dai gubar ba ta da launi, ba ta da wari, kuma a Dawanau kuɗin buhu mai guba da marar guba ɗaya ne. Me zai sa manomi ya sayi abin da ba zai ƙara masa ko tiya ɗaya ba? Shi ya sa wani shirin tallafi mai suna AgResults, daga 2013 zuwa 2019, ya riƙa biyan masu tara hatsi dala 18.75 a kan kowane tan na masarar da gwaji ya tabbatar an noma ta da Aflasafe, har su samu kasuwa wajen masu haɗa abincin kaji da kamfanonin abinci, waɗanda su ne gubar take jawo wa asara kai tsaye. Darasin a nan shi ne, sau da yawa mai sa magani daban, mai cin moriyarsa daban, kuma wajibi ne a kawo na biyun teburin tun farko.

A Nijar tambayar ta zo da wata fuska. Murzuna, tsutsar da ke sassaƙe zangarniyar gero, tana da abokin gaba, wani ɗan mitsitsin zanzaro da masana ke kira Habrobracon hebetor. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta Nijar, wato INRAN, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, tare da abokan aikinsu na cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, sun gano yadda ake kiwonsa da araha a sake shi a ƙauyuka. To amma zanzaro bai san iyakar gona ba. Wanda ya saya da wanda bai saya ba duk za su amfana, saboda haka sayar wa manomi ɗaiɗai ba zai yi nisa ba, sai dai a sayar wa ƙauye baki ɗaya ko ƙungiyar manoma, kuma ƙananan wuraren kiwo na ƙungiyoyi sun fi dacewa da wannan ciniki a kan katafaren kamfani. Maganin fara na Green Muscle kuwa, wanda da fumfuna aka yi shi, gwamnatoci da hukumomin agaji ne masu sayensa, su kuma ba sa tuna shi sai shekarar da fara ta taso, kamar yadda aka yi a Somaliya a 2020. Kamfanin da zai riƙe irin wannan kaya yana bukatar alkawarin saye a rubuce, ko wasu kayan da zai riƙa sayarwa a shekarun da babu fara.

Idan an san mai saye, sai a koma kan ita halittar. Ya fi kyau a nemo ta daga ƙasar da za a yi amfani da ita, domin ta saba da zafin wurin da ƙasarsa, kuma hukuma ta fi sakin jiki da ita. Don haɗa Aflasafe na Nijeriya an tattara dubban samfuran fumfuna daga gonakin ƙasar, aka tace su har aka tsaya a kan guda 4 waɗanda ba sa iya yin guba, kuma kowace ƙasa da nata haɗin. Ita ma fumfunar da ke cikin Green Muscle a jikin wata fara aka samo ta a Nijar. Tun a wannan mataki a rubuta inda aka ɗauko kowane samfuri, da ranar, da wanda ya ɗauko, a kuma ajiye kwafinsa a wurare biyu, domin firiji ɗaya da ya kwana uku babu wuta ya isa ya shafe aikin shekaru. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗauki halitta daga cikinta tana da haƙƙi a ribar da aka samu, don haka kamfani mai hankali ba zai zuba jarinsa a kan samfurin da ba a san asalinsa ba.

A nan ne ya kamata injiniyan kamfani ya fara zuwa ɗakin gwaje-gwaje, ba sai an gama komai a kira shi bikin ƙaddamarwa ba. Dalili kuwa shi ne, abin da ya fi wuya a wannan sana'a shi ne suturar da za a yi wa halittar, wato abin da za a zuba ta a ciki har ta isa gona da ranta. Shirin LUBILOSA da ya samar da Green Muscle, wanda aka fara a 1989 bayan annobar farar da ta addabi Sahel, ya haɗa cibiyar CABI da IITA da wasu, kuma matsalar da ya tarar ita ce fumfuna tana son laima, fara kuwa a busasshiyar ƙasa take. Abin da ya warware ta shi ne zuba ƙurar fumfunar a cikin mai maimakon ruwa, domin mai yana manne wa jikin fara, ba ya bushewa a iska, kuma yana bi ta injinan feshin da ma'aikatan yaƙi da fara suke da su tun asali, ba sai an sayi sababbi ba. Da wannan aka yi manyan gwaje-gwaje a yankin Maine Soroa da ke Nijar a shekarun 1990. Na Aflasafe kuwa dawa ce. Ana gasa ta har ta mutu don kada ta tsira, a lulluɓe ta da ƙurar fumfunar da wani abin mannewa, a rina ta shuɗiya don kada a ɗauka abinci ce. Dawar ita ce motar da ta kai fumfunar gona, ita ce kuma guzurinta idan ta sauka. Na murzuna ya fi su duka sauƙi: ɗan ƙaramin buhun algarara, a ciki da gero da garinsa, da tsutsotsi 25 na wani malam-buɗe-littafi mai cin hatsi a rumbu, da matan zanzaro 2 da suka riga suka haɗu da namiji. A rataye buhuna kamar 15 a kewayen ƙauye lokacin da gero ya fara fitar da kai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fita ta ramukan saƙar buhun, su bazu kimanin kilomita 5. Duk ukun an gina su ne a kan abin da mai amfani ya riga ya sani ya kuma mallaka.

Kowace sutura aka zaɓa, a gwada ta a inda za ta zauna. Gwajin ajiya a ɗaki mai na'urar sanyaya iska yaudarar kai ne. A ɗauki buhuna goma a kai shagon dillali mai rufin kwano, a ajiye su a ƙasan kanta kusa da buhunan taki, su sha zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sannan duk wata a buɗe ɗaya a ƙirga kashi nawa na ƙwayoyin ne har yanzu suke tsira. Lambar da aka samu a nan ita za a rubuta a jikin kaya a matsayin ranar lalacewa, ko da ba ta yi wa sashen talla daɗi ba.

Gwajin gona yana bukatar aƙalla damina biyu, a wurare masu bambancin ruwa da ƙasa, kuma a gonakin manoma na gaske, ba filin cibiya da ake bai wa taki a kan kari kaɗai ba. A kowane wuri a samu fili uku: wanda ba a sa wa komai ba, wanda aka sa wa gubar da manomi ya saba saye, da wanda aka sa wa sabon magani. Idan halittar mai yaɗuwa ce, a nisanta filayen da ɗaruruwan mitoci, in ba haka ba za ta tsallaka ta gyara filin da aka bari don kwatance, sakamakon ya rikice.

Masu zaburar da garkuwa suna bukatar ƙarin kulawa a wannan mataki, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Ba sa kashe ƙwayar cuta, don haka idan aka gwada su a faranti a ɗakin gwaje-gwaje ba za a ga komai ba. Sai an fesa su kwanaki kafin cuta ta zo, domin shuka tana bukatar lokaci ta shirya, kuma fesa su a kan gonar da ta riga ta kamu ɓarnar kuɗi ce. Ba kowane iri ne yake amsawa daidai ba, sai a ga wani irin tumatir ya karɓa, wani kuma ko gezau. Mafi muhimmanci, garkuwa ba kyauta take zuwa ba. Ƙarfin da shuka ta kashe wajen shirin yaƙi daga abincin girma da 'ya'ya ta ɗebe shi, kuma an nuna a alkama cewa wannan ragi ya fi fitowa inda taki bai wadata ba, wanda shi ne halin yawancin gonakinmu. Saboda haka a tanadi fili na huɗu, inda aka fesa maganin amma aka hana cuta shiga, don a auna abin da shukar ta biya. Kuma a auna buhun da aka girbe, kada a tsaya a ƙirga ɗigon cuta a ganye, domin manomi ba ganye yake kai wa kasuwa ba. Labarin Messenger, wani magani mai zaburar da garkuwar shuka, ya isa gargaɗi. An gano sinadarinsa a Jami'ar Cornell a 1992, kamfanin Eden Bioscience ya samu rajistarsa a Amurka a 2000, aka yi ta yayata shi, amma sakamakonsa a gonaki ya riƙa bambanta daga wuri zuwa wuri, ciniki bai kai yadda aka zata ba, har kamfanin ya sayar da fasahar ga wani a 2007. Hanya mafi aminci ita ce a gabatar da irin wannan magani a matsayin mai rage yawan feshin guba, a kuma gwada shi a haka, misali a musanya feshi biyu cikin huɗu da shi.

Maganar rajista gajera ce amma tana cin lokaci. A Nijeriya NAFDAC ce, a Nijar da Chadi kuma kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel da ke Bamako. Za a nemi shaidar ainihin halittar, da cewa ba ta cutar da mutum, dabba, kifi ko ƙudan zuma, da sakamakon gwajin gona, da rubutun da za a manna a jikin kaya. Yawancin takardun an tsara su ne don guba, saboda haka yana da amfani a gayyaci jami'an hukuma su ga gwaji da idonsu tun damina ta farko. An fara aikin Aflasafe a Nijeriya a 2003, bai samu cikakkiyar rajista ba sai 2014, kuma duk wanda ke tsara kasafin kuɗi ya riƙe wannan tazara a ransa.

Sai yarjejeniya. Mutanenmu suna jin nauyin rubuta sharaɗi tsakanin abokai, kuma wannan kunya ce ke haifar da shari'a daga baya. A fayyace ko lasisin na kamfani ɗaya ne ko a buɗe yake, na shekara nawa ne, a wace ƙasa, da adadin tan da kamfani ya yi alkawarin sayarwa kowace shekara, wanda idan ya gaza cibiya za ta iya bai wa wani. Ba tare da wannan ba, kamfani yana iya karɓar lasisi ya kulle a durowa don kada abokin hamayya ya samu. Uwar halittar ta zauna a hannun cibiya, ita ce za ta riƙa bai wa masana'anta sabon iri, domin fumfunar da aka yi ta maimaita shukawa daga kwano zuwa kwano takan rasa kaifinta, ko wata ta gauraya da ita. Cibiya ta riƙe ikon shiga kasuwa ta sayi buhu kamar kowa ta gwada shi, kuma a rubuta abin da zai biyo baya idan ya faɗi gwajin. A faɗi kason da zai koma wa cibiya da masu binciken, a kuma yanke watannin da ɗalibi zai jira kafin ya wallafa sakamakonsa, wata uku ko shida, ba har abada ba, tunda ƙarin girman malami a kan wallafa yake. A Nijeriya ofishin gwamnati na NOTAP yana taimakawa wajen haƙƙin mallakar ƙirƙira da yarjejeniyar miƙa fasaha, kuma jami'o'i da dama suna da ofishin da ya kafa musu don wannan aiki.

Wajen zaɓen abokin hulɗa, kada a ɗauka sai kamfanin maganin ƙwari. IITA ta fara gina masana'antar gwaji a Ibadan don ta nuna cewa ana iya yin Aflasafe da yawa, sannan ta miƙa shi ga HarvestField a Nijeriya, da BAMTAARE a Sanagal wanda reshen kamfanin auduga ne, da hukumar binciken noma ta KALRO a Kenya, da A to Z a Tanzaniya, kamfanin da aka fi sani da gidan sauro. Abin nema shi ne tsabtar masana'anta, da sito mai kyau, da dillalan da suka isa ƙauye.

Koyar da manomi yana cikin kuɗin kaya, kuma a rubuta wanda zai ɗauki nauyinsa. Manomin da ya saba fesa guba da safe ya ga ƙwari a ƙasa kafin azahar, idan ya fesa fumfuna ya dawo washegari ya tarar da fara tana tsalle, cewa zai yi an cuce shi. Sai an gaya masa tun farko cewa Green Muscle yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku, cewa farar tana rage ci kafin ta mutu, kuma gawarta takan yi ja sannan ta yi kore idan akwai laima. A gaya masa cewa hasken rana mai ƙarfi yana kashe yawancin irin waɗannan ƙwayoyi, don haka feshin yamma ya fi, kuma kada ya zuba su a famfon da bai wanke maganin kashe fumfuna daga cikinsa ba. Umarnin Aflasafe kuwa ƙayyadadde ne: kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa ta fara fure, a ƙasa mai danshi, bayan an gama maimai da huɗa da sa taki. A yafa shi da hannu a bar shi a sarari, kada a binne. Bayan kwanaki malamin gona ya koma tare da manomin, su tsuguna tsakanin kunyoyi, ya ɗauko ƙwayar dawa ɗaya ya nuna masa koren gashin da ya lulluɓe shuɗin, ya ce masa wannan shi ne maganin ya tashi aiki, ba lalacewa ya yi ba. Duk wannan a rubuta shi a jikin buhu da Hausa, da boko da ajami, tare da zane, a kuma maimaita shi a rediyo ana gab da lokacin.

Daga wannan lokaci ne ake ƙirga komai a koma baya. Masarar da aka shuka a Yuni a yankin Kaduna da kudancin Katsina tana bukatar maganinta a Yuli, don haka dole kaya su kasance a shagon dillali kafin nan, masana'anta ta gama aiki tun bazara, a sayi dawar tun kaka tana da araha, cibiya kuma ta miƙa sabon iri kafin duk wannan. Idan mota ta iso Funtuwa a ƙarshen Agusta, buhunan sai su jira damina mai zuwa a sito, su ratsa hunturu da zafin bazara, kuma tun a yarjejeniya ya kamata a rubuta wanda zai sake gwada su kafin a sayar, da wanda zai ɗauki asarar waɗanda suka mutu.